Saƙon da Ban Rubuta Ba

Ranar Litinin Malam Sadiƙu ya leƙo ɗakin da nake aiki, ya tsaya bakin ƙofa da carbi a hannu.

"Marwa, ranar Alhamis masu gari za su zo taro. In abin naki ya yi magana kafin nan, madalla. In bai yi ba mu koma ga takardunmu, ke kuma sitaj ɗinki, koyon aikin nan da kike yi, ya ƙare da watan ga. Ba faɗa ba ne, ɗiyata."

Na ce to, idona a kan kwamfuta. Na san ba faɗa ba ne. Shi ya sa ma maganar ta fi zama mini a ƙirji.

Malam Sadiƙu shi ne shugaban wata ƙaramar ƙungiyar manoma da makiyaya a Tasawa. Babban aikinta na kaka shi ne sanin garin da ya gama kwashe amfanin gona, don a saki gonaki dabbobi su shiga cin kara. In labari ya makara, ko ya zo a karkace, sai shanu su faɗa gonar da ba a ɗauke wake ba, daga nan kuma sai abin da Allah ya yi. Da takarda ake yi tun da. Wakilin kowane gari ya cika, ya ba mai kabu-kabu, ta iso biro, wato ofishinmu, bayan kwana huɗu, wata da jirwayen mai, wata an rubuta lambar wani a bayanta. Ni aka ɗauko na wata uku, bayan na gama jami'a a Maradi, in yi shafi a intanet wanda wakili zai buɗe a salularsa, ya zaɓi garinsu, ya taɓa "an kwashe" ko "da saura", ya aika.

Shafin na yi shi. Har zanen damin gero na sa a samansa. Aikawar ce ta ƙi.

Wurin da saƙon zai je wata na'ura ce mai karɓa ta ajiye, serveur muke ce mata. Abdussalamu ne ya haɗa ta, wani injiniya a Maradi da ya girme ni da shekara goma, ban taɓa ganinsa ba sai dai murya. Tun makon farko ya turo mini layukan da yake amfani da su in zai aika saƙo daga wani serveur zuwa wannan. Ya ce akwai wani ƙunshi da wasu suka rubuta, wanda ke sa navigateur, wato abin da mutum ke buɗe shafi da shi a salula, ya ji irin wannan yare. In saka ƙunshin, in kwafi nasa harafi da harafi, shi ke nan.

Gaskiya abin ya burge ni. Yaren serveur a shimfiɗe yake. Ka faɗi gidan da za ka, ka faɗi ƙofar, ka rataya makulli a wuyan saƙon, wato wasu haruffa na sirri da ke nuna namu ne, ka zuba abin da za ka faɗa, ka ce ka gama, ka zauna jiran amsa. Na yi kwana biyu ina karanta cikin ƙunshin don kawai in ga yadda suka yi. Ashe kowace kalma ta serveur sun ɗinka mata ciki da kayan navigateur. Daga waje ba ka bambanta su.

Amma shi in ya aika daga Maradi saƙo ya shiga. Ni in na taɓa maɓalli, sai jan rubutu ya fito a ƙasa, wai an hana.

Da yamma na kira shi. Sai da na maimaita abin da zan ce sau biyu a zuci.

"Yaya Abdussalamu, har yanzu cewa yake an hana."

"Wa ya hana? Izini na ba da shi tun makon jiya. Na rubuta a kan amsar cewa shahinki na da izini, baƙi da fari. Rezonku ne na Tasawa, wanda sai an hau rumbu salula ke kama intanet."

"Amma sauran shafuka suna buɗewa…"

"Marwa, layukan da na turo maki kod ɗina ne. Shekara ukku yana aiki, bai taɓa tari ba. Duba dai, wata waƙahi kika cinye."

Na duba. Ban cinye waƙafi ba.

Ranar Talata na buɗe wata taga da ke gefen navigateur, wadda ke nuna duk abin da ya fita da abin da ya shigo. A jami'a an nuna mana ita sau ɗaya, a gurguje. Na share komai, na taɓa maɓalli, na zuba ido.

Layi ɗaya ya fito. Na matso da fuskata. A kod ɗina kalmar aikawa POST ce, ita Abdussalamu ya rubuta, ita na kwafa. Wannan layin kuwa OPTIONS aka rubuta a kansa. Na buɗe cikinsa, ba komai. Babu sunan gari, babu "an kwashe", babu makulli. Ya je hannu rabbana, ya dawo da lamba 401, wadda ke nufin ba a san ka ba. Saƙona na gaske kuwa ko ƙofa bai fita ba.

Na nemi kalmar a duk abin da na rubuta, babu. Na neme ta a inda ƙunshin ke haɗa saƙo, babu. To wa ke aika shi? Na taɓa maɓalli sau biyar, sau biyar yana fita, kamar wani na zaune cikin kwamfutar yana riga na magana. Tsoron ranar Alhamis ya ɗan ja baya, wannan tambayar ta zauna a wurinsa. Na karanta bayanai da Faransanci har idona ya yi yaji. Duk inda na je maganar ɗaya ce, sai serveur ya ba da izini. Mai serveur kuma ya ce ya ba da. Na ɗauki salula, na kalli sunansa, na ajiye.

Ranar Laraba Malam Sadiƙu ya ce tunda Bagobirin nan ya kafe a kan rezo, in je Hawandawaki in gwada a can, a raba gardama. Shi Malam Bakatsine ne, bai taɓa kiran Abdussalamu da sunansa ba in ba a gaban baƙi ba.

Mai kabu-kabu ya bi da ni ta cikin rairayi, muna kauce wa amalanken jakai da aka labta wa damman gero. Gonakin gero duk an girbe, sai kara tsaye. Amma nan da can ana ganin kore a ƙasa, waken da bai gama bushewa ba.

Wakiliyarmu a can Hajara ce, mace mai jiki da murya, sa'ar mahaifiyata, sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Na same ta a tsakar gida da mata biyu suna daka soyayyar gyaɗa, turmi biyu suna amsa wa juna. Ta shimfiɗa mini tabarma a inuwar rumbu, ta kawo ruwa, ta goge hannu a zane ta miƙo mini salularta mai tsagaggen gilashi.

Rezo ya cika taf. Na buɗe shafin, na taɓa maɓalli.

"Ya tahi?"

"Bai tahi ba, Inna."

"To mi ya hana shi? Ƙahwa ce ba ya da?"

Na yi murmushi. Na buɗe kwamfutata a cinya, na haɗa ta da salular, na sake gwadawa. Ga shi nan, OPTIONS, 401. Ba rezo ba ne. Wannan aƙalla na sani yanzu. Hajara ta koma wajen turmi, ni kuma na zauna ina kallon layin.

Inda nake zaune yana fuskantar ƙofar gida, kuma zanan da aka yi danga da shi ya ɗan buɗe a gefe. Ta nan na hango mutum a waje, dogo, da malfa da sanda a kafaɗa. Bakinsa ya motsa. Ya tsaya, kansa a sunkuye. Dakan bai tsaya ba. Can bakinsa ya sake motsi. Ya gyara tsayuwa, ya kalli ƙasa, ya sake na uku. Sai ya juya ya kama hanya, ba sauri, ba fushi.

Na yi ta jira wani ya lura. Ba wanda ya lura.

"Inna," na ce. Ba ta ji ba. "Inna! Kamar akwai mutum a waje, ya juya."

Ta ajiye taɓarya ta fita. Na ji muryarta ta cika unguwa. "Halilu! Kai Bahillace! Ina za ka?"

Suka dawo tare, tana gaba tana faɗa, yana biye yana dariya ƙasa-ƙasa. Daga baya ta gaya mini shi ne ke kawo maganar makiyayan da suka sauka arewa da gari. Ya tsuguna daga bakin ƙofa, ya jingine sandarsa.

"Sallama ukku na yi," in ji shi.

"Ba mu ji ba, turmi ne."

"To."

"To mi? Shekara nawa kana cin tuwon gidan ga? Sai ka shigo mana!"

"Ba a amsa ba."

"Sai ka koma da saƙon naka har ruga?"

"Saƙo na bakina, ba nono ba ne da zai yi tsami. Gobe in dawo."

"Ji mani mutum! Kai da mai gidan ga kuke tahiya kasuwa, kwano ɗaya kuke ci. Shi in ya zo tsayawa yake a waje?"

"Shi gidansa ne. Ni ko rigarsa na ara na sa, baƙo ne."

Matan suka yi dariya, ɗaya ta ce ai rigar mai gida ba za ta kai masa gwiwa ba. Ni ban yi dariya ba. Na sunkuyar da kai ga kwamfutar, sai abin ya faɗo mini.

Riga muka ara wa navigateur. Ƙunshin nan ya sa masa rigar serveur, ya koya masa maganar serveur, har ni da Abdussalamu muka manta ko wane ne. Shi bai manta ba. Shafina wani gida yake, serveur wani gida. Da ya iso ƙofar da ba tasu ba, sai ya ajiye saƙona a gefe, ya yi sallama da bakinsa. Ba ya nuna makulli, ba ya faɗin abin da ya kawo shi, sai an amsa. Abdussalamu kuwa bai yi ƙarya ba, ya ba da izini. Amma a kan amsar saƙon ya rubuta shi, can cikin ɗaka. A bakin ƙofa ya ajiye mai gadi da umarnin korar duk wanda ya zo ba makulli.

Na zauna ina juya abin. Me ya sa waɗanda suka ƙera navigateur suka yi masa wannan tarbiyya? Sai na ga ai shi shafin kowa yake buɗewa, na kirki da na banza. In ba ya tambaya, kowane shafi sai ya aike shi gidan mutane da sunan mai salula. Na ji ina son in san su, mutanen da suka zauna suka yi wannan tunani.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. "Baffa, in ka yi sallama aka ce ba a san ka ba fa?"

Halilu ya dube ni karo na farko. "Wannan ɗiyar wa ce?"

"Ta biro ce," in ji Hajara. "Mai ilimi ce, magana ce dai ke mata tsada."

"In aka ce ba a san ni ba sai in juya," ya ce. "Ba ni gardama da ƙohwa."

Sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Mutanensa na tambaya ko gonakin arewa sun saku. Hajara ta ce gero ya shiga rumbu, amma wake da saura, su ƙara mako guda. Ya ce to, ya sha ruwa, ya tafi.

A hanyar komawa na rubuta wa Abdussalamu saƙo a zuci. Da na isa gida na rubuta shi a salula, na karanta, na ga kamar ina koya wa babba aikinsa, na goge. Na sake wani mai laushi, shi kuma ya yi laushin da ba a gane abin da nake nufi. Shi ma na goge.

Ranar Alhamis da hantsi ana jera kujeru a ƙarƙashin rumfar biro. Malam Sadiƙu ya shigo ɗakina, ya kira Abdussalamu, ya buɗe muryar salular ya ajiye ta a kan tebur.

"Bagobiri, ɗiyar nan ta je har Hawandawaki. Rezo lahiya lau, abu bai tahi ba. Mi ka ce?"

"Malam, ni nawa na aiki. Ina ma son in gaya maka, Allah ya so na sa tsaro mai ƙarhi. Kwanakin ga akwai wani da ke ta taɓa ƙohwar serveur, ba makulli, ba komi. Duk an kore shi. Ɓarawo ne, kuma daga cikin ƙasar ga yake."

"Ɓarawo? Mi zai sata, labarin wake?"

"Ba ka san su ba, Malam. Sau tamanin da bakwai ya zo."

Na kalli kwamfutata. Malam ya juya zai fita, don an fara jin babura a waje. Na ga in ya taka ƙofar nan, shi ke nan.

"Yaya Abdussalamu," na ce. Muryar ta fito siririya. "Kana kallon wurin yanzu?"

"Wa ke magana? Marwa? Ina kallo."

"Tamanin da bakwai ka ce?"

"Eh."

Na taɓa maɓalli. "Yanzu fa?"

"Tamanin da takwas."

Na sake taɓawa.

"Da tara… Ke, mi kike yi?"

"Ni ce, Yaya. Wato ba ni ba ce, navigateur ne. Sallama yake yi."

Malam Sadiƙu ya dawo daga bakin ƙofa, ya ja kujera ya zauna. Na faɗi abin yadda na gan shi, ina kallon tebur. Na ce kafin navigateur ya kai saƙo gidan da ba nasu ba, sai ya fara tambaya ko an yarda, kuma ba ya ɗaukar makulli a wannan zuwan. Na ce mai gadin na korar tambayar, shi ya sa saƙon bai taɓa fita ba, izinin da ke ciki kuma ba wanda ya kai gare shi.

"Amma kod ɗin ɗaya ne da nawa," in ji Abdussalamu.

"Ɗaya ne. Mai faɗinsa ne daban."

Malam ya fashe da dariya har carbinsa ya faɗi. "Bagobiri! An yi maka sallama sau tamanin da tara, kai kuma ka saki kare! Haka kuke karɓar baƙi a garinku?"

"Malam, baƙon Katsinawa ne, dole a bincike shi."

"Bawa dai bawa ne. Gyara mani abu, mutane sun iso."

Muka ji ƙarar maɓallansa daga Maradi. Bai ce na yi gaskiya ba, amma ya tambaye ni, da wata murya daban, ainihin abin da layin ke nunawa. Na karanta masa. Bayan minti biyar ya ce in gwada.

Na taɓa. OPTIONS ya fita, ya dawo ba 401. Na saki numfashi. Sai jan rubutun ya sake fitowa.

"Ya tahi?" in ji Malam.

"Bai tahi ba."

Ya kalli agogo, ya kalli taga. Masu gari huɗu sun riga sun zauna, ana ta gaisawa. Ya miƙe, ya kakkaɓe riga.

Na karanta jan rubutun a hankali. Ba irin na da ba ne. An amsa sallamar, an ce ya shigo, amma ba a ce komai a kan makullin da zai rataya ba. Shi kuma ba zai shiga da abin da ba a ambata ba.

"Yaya, ka ce mashi an yarda ya shigo da makulli. Sai ka kira sunan makullin a cikin amsar."

"Kai, wannan baƙo da iyayi yake!"

Wani minti biyu. Na taɓa. Layi biyu suka fito, ɗaya bayan ɗaya. OPTIONS, sannan POST, saƙona, karo na farko tun da na rubuta shi.

"Na gan shi," in ji Abdussalamu. "Gari: gwaji. To, Marwa. To."

Malam Sadiƙu ya ce gwaji ba gari ba ne. Ya sa na kira Hajara. Ta ɗauka da ƙarar turmi a bayanta, na gaya mata ta buɗe shafin, ta zaɓi Hawandawaki, ta taɓa abin da yake gaskiya. Ta ce hannunta duk mai ne, in jira. Muka jira. Na buɗe jerin garuruwa a kwamfuta, duk fari fat. Can sai layi ɗaya ya canza: Hawandawaki, da saura.

Malam ya sunkuya ya karanta da bakinsa. Ya ɗauki carbinsa daga ƙasa.

"Asabar za ki Gidan Amumune ki koya wa wakilan can. Su goma sha biyu ne, duk masu surutu, sai ki nemo murya. Wata mai zuwa kuma Maijirgi. Ɗauko na'urar taki ki nuna wa masu gari."

Ya fita. Na ce to, bayan ya riga ya fita.

Kafin in rufe kwamfutar na sake aika gwaji sau biyu a jere, don in tabbata. A na farko layi biyu suka fito. A na biyu POST kaɗai ya fita, ba tambaya. Na dakata kaɗan, na sake taɓawa, sai ga OPTIONS ya dawo. Ashe yana riƙe amsar na ɗan lokaci, sannan ya manta. Na daƙiƙa nawa? Shi ke yanke wa kansa, ko serveur zai iya gaya masa? Na jawo kaye, littafin rubutuna, da alƙalami, na buɗe agogon salula.

"Marwa!" Muryar Malam daga rumfa. "Mutane na jira!"

Na rubuta tambayar a saman shafi, na rungumi kwamfutar na fita.